Bari in je in dawo

Shekara 11 na yi ina zaune a bayan wata taga a asibitin gwamnatin jiha, ina karɓar kuɗi ina buga hatimi a kan rasit. Tagar ƙarama ce, an rufe ta da raga, an bar ɗan gurbi daga ƙasa wanda hannu ɗaya kaɗai ke iya shiga. Saboda haka yawancin mutanen da na yi hulɗa da su, hannunsu nake fara gani kafin fuskarsu. Akwai hannun da yake zuwa da kuɗi a miƙe. Akwai wanda yake zuwa da su a dunƙule, sun jiƙe da gumi, an ƙirga su tun daga gida an sake ƙirgawa a kan layi. Akwai kuma hannun da babu komai a cikinsa sai takardar likita.

Mai wannan hannu na ƙarshe zai miƙo takarda, in duba, in haɗa lissafi, in faɗa masa. Sai ya yi ɗan jim. Ya karɓi takardarsa, ya ninke ta gida huɗu, ya cusa a aljihu, ya ce, "To Malam, bari in je in dawo." A watannina na farko har ajiye lissafin nake yi a gefe don kada in ɓata masa lokaci idan ya dawo. Wani da ya riga ni zama a wurin ne ya ce in daina tara takardu a kan tebur, waɗannan ba masu dawowa ba ne. Gaskiya ya faɗa. Da wannan kalma mutum yake rufa wa kansa asiri a gaban jama'ar da ke bayansa, don kada ya buɗe baki ya ce ba shi da shi.

Akwai wata tambayar da ta fi wannan ci mini rai. Mutum ya ɗora yatsa a kan takarda ya ce, "A cikin ukun nan, wanne zan iya bari?" Ni da ban karanci likitanci ba, ni ake tambaya wane magani za a saya, wanne za a haƙura da shi. Likita ya rubuta abin da ciwo yake bukata, aljihu kuma ya zo yana gyara masa rubutu a gaban tagata.

Wani dattijo tela yana cikin waɗanda ba na mantawa. Hawan jini ke gare shi, kuma mutum ne mai kiyayewa, ba ya fashin zuwa ganin likita. Kullum za a rubuta masa maganin wata guda, shi kuma ya ce, "Ɗana, a ba ni na kwana 10, sauran sai an ɗan samu." Daga baya ya faɗa mini da bakinsa cewa raba ƙwayar yake yi biyu, wani lokaci kuma ya tsallake rana, don na kwana goman ya kai shi ƙarshen wata. Na ce, "Baba, likita ya sani kuwa?" Ya yi murmushi ya ce likita yana da nasa aikin. Muka yi kusan shekara biyu a haka. Ranar da na ga sunansa a takardar kwantarwa, ba hannunsa ne ya shigo ta gurbin ba, na ɗansa ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi makonni a kan gado, aka sallame shi a keken guragu, keken ɗinki kuwa ya tafi wajen biyan kuɗin jinya. Abin da gidansa ya kashe a waɗannan makonni, da abin da ita kanta gwamnati ta kashe a kan gado da ma'aikata da wuta da ruwa, da ya saya masa ƙwayar nan ta shekaru masu yawa. Kuma ƙwayar hawan jini tana cikin magunguna mafi araha a duniya idan aka saye ta da yawa a lokaci guda.

Tun daga kansa na fara tambayar kaina wa ke da ikon gyara wannan abu. Na daɗe ina ɗaga kai ina kallon gwamnatin tarayya kamar yadda kowa yake yi. Amma da na dubi inda nake zaune, sai na ga kujerar da nake kai ta jiha ce. Ginin na jiha ne. Jiha ce ta ɗauki ma'aikaciyar jinya, ita take tura ta gari kaza ko ta bar ta a birni, ita take sayo magani, ita take sa hannu a kan jerin farashin da nake karantawa wa mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan mai ɗakin yana da tsani a hannunsa.

Da na fara karance-karance a kan lamarin, labarin da ya fara tsayar da ni na wani lardi ne a Kanada mai suna Saskacewan. Lardin manoma ne, fari da talauci sun ɗaiɗaita shi a shekarun 1930. A 1944 aka zaɓi Tommy Douglas ya shugabance shi. Shi wannan mutum yana yaro ya yi fama da ciwon ƙashi a ƙafa har ana maganar yanke ta, sai wani likitan tiyata ya yarda ya yi masa aiki kyauta bisa sharaɗin ɗalibansa su tsaya su kalla. Ƙafar ta tsira, shi kuma bai manta cewa sa'a ce ta cece shi ba. A 1947 gwamnatinsa ta fara biyan kuɗin kwanciya asibiti ga duk mazauna lardin. A 1962, bayan ya bar kujerar, wanda ya gaje shi ya faɗaɗa tsarin ya haɗa da kuɗin ganin likita. Likitoci suka ƙi, suka yi yajin aiki na kwana 23, har sai da gwamnati ta ɗauko wasu likitocin daga Birtaniya kafin a sasanta. Gwamnatin tarayyar Kanada daga baya ta biyo sawu da dokokin 1957 da 1966, ta ce duk lardin da ya yi irin wannan za ta ɗauki wani kaso na kuɗin. Tsarin da ƙasar take alfahari da shi a yau, wani lardi mara arziki ne ya fara gwada shi a kan kansa, ba tare da ya jira kowa ba.

A Amurka ma an ga irin haka. Jihar Masacusets ta yi dokarta ta inshorar lafiya a 2006, dokar tarayya ta 2010 ta ɗauki fasali da yawa daga cikinta. Sai kotun ƙolin ƙasar ta yanke a 2012 cewa faɗaɗa shirin Medicaid, wato wanda ke biya wa masu ƙaramin ƙarfi, zaɓi ne ga kowace jiha. Tarayya ce ke ɗaukar kashi 90 cikin 100 na kuɗin waɗanda aka ƙara, amma duk da haka jihohi 40 ne suka karɓa, wasu irin su Teksas da Filorida suka ƙi. Mutum biyu masu samu iri ɗaya, masu ciwo iri ɗaya, ɗaya yana da katin asibiti ɗaya ba shi da shi, abin da ya raba su kawai shi ne shawarar majalisar jiharsu.

Abin da ya fi amfanar da ni daga can shi ne abin da ya faru a jihar Oregon a 2008. Kuɗin da jihar take da shi na ba mutum wajen 10,000 katin Medicaid ne, waɗanda suka nema kuwa sun kai wajen 90,000, sai aka yi ƙuri'a. Wannan ya ba masu bincike damar kwatanta waɗanda suka ci da waɗanda ba su ci ba. Bayan kamar shekara biyu, waɗanda suka samu katin sun fi zuwa asibiti, sun fi shan maganinsu, bashin jinya ya ragu musu, irin kuɗin da ke karya gida gaba ɗaya ya kusan ɓacewa a cikinsu, ciwon damuwa ma ya ragu. Amma a ma'aunin hawan jini da na sukari ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a wannan ɗan lokaci. Na kawo wannan ɓangare na biyu da gangan, domin masu goyon bayan irin wannan tsari, har da ni, muna son mu tsallake shi. Kati yana buɗe ƙofa. Abin da mutum zai tarar a bayan ƙofar wani aiki ne daban.

Na ga haka da idona lokacin da tsarin taimakekeniyar lafiya ya iso asibitinmu. Ana cirar wani ɗan kaso daga albashin ma'aikaci kowane wata, a zuba a asusu ɗaya, shi da iyalinsa su samu kati. Da farko ma'aikata sun yi ta ƙorafi, ni ma na yi, don ba wanda yake son ganin an taɓa masa albashi. Amma cikin 'yan watanni sai na lura da wani abu. Masu kati sun fara zuwa da wuri. Uwa ta kawo yaro ranar da zazzaɓi ya fara, ba ranar da ya fara suma ba. Wata malamar makaranta da aka yi wa tiyatar haihuwa, mijinta ya zo tagata yana rarraba ido yana jiran in faɗi abin da zai kayar da shi, na ce ya sa hannu a nan kawai. Sai da ya tambaye ni sau biyu ko na duba da kyau. Ranar na koma gida da farin ciki.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Dattijon nan tela ba shi da albashin da za a cira. Haka manomi, haka mai talla, haka direba, haka matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Su ne mafi yawan masu tsayawa a layina, kuma su ne tsarin bai taɓa ba. An ce kowa yana iya zuwa ya yi rajista ya biya na shekara da kansa. Kaɗan ne suke zuwa, kuma ban ga laifin sauran ba. Mutumin da yake raba ƙwaya biyu, ta yaya za ka ce ya kawo kuɗin shekara a dunƙule saboda ciwon da bai zo ba tukuna? Waɗanda suke zuwa da kansu kuma yawanci waɗanda suka riga suka san suna da ciwo ne, sai asusun ya cika da masu ɗiba, masu zubawa su yi kaɗan. Duk inda na karanta an kai ga talaka da gaske, gwamnati ce ta ɗauki kuɗin haraji ta biya masa. Ban ga wata hanyar ba, kuma na daina yarda da duk wanda ya ce wayar da kai kaɗai za ta cike wannan giɓi.

A Najeriya tanadin yana nan a rubuce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga tsari, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu, kuma ta hannun hukumomin jihohi ake son abin ya isa ga jama'a. Jihohi sun yi nasu dokokin: Kano a 2016, Kaduna a 2018, wasu kafin nan wasu bayan nan. A Arewa an zaɓi kalmar taimakekeniya maimakon inshora saboda mutane da yawa suna da shakku a kan inshora ta fuskar addini, kuma a ganina wannan hikima ce irin wadda sai na kusa yake iya yin ta. Kano ta ƙara da wani asusun amana na lafiya a 2017, wanda doka ta ce a riƙa zuba masa kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar da jihar take tarawa da kashi 1 daga kason ƙananan hukumomi. Duk da waɗannan, har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye, a gaban taga irin tawa. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Wasu jihohin suna rubuta adadin da ya kai haka a takardar kasafi. Rubutawa daban, sakin kuɗin daban.

Wannan bambanci na rubutawa da sakewa, na san yadda yake a jikin mutum. Akwai lokacin da aka yi watanni ba a biya asibitinmu kuɗin masu kati ba. Kantin maganin asibiti yana juya kuɗinsa ne, ya sayar ya sake sarowa, to ga shi yana ta bayarwa ba a mayar masa. Sai shelf ya fara yin fili. Mai kati ya zo, a duba takardarsa, a ce ya ƙare, ya je waje ya saya. An cire masa a albashi, ya kuma biya a kemis. Mafi muni, sai wasu ma'aikata suka fara yi wa mai kati kallon wanda ya zo cin banza, a fara sallamar mai kuɗi a hannu, shi a ce ya jira. Wata baiwar Allah ta taɓa ɓoye katinta ta ce mini in karɓi kuɗi kawai, don ta ga mai biya ya fi saurin ganin likita. Gina yarda yana ɗaukar shekaru, wata uku na "ya ƙare" kuwa sun isa su rushe ta, kuma duk wanda aka yi wa haka sai ya faɗa wa mutum goma.

Shi ya sa, a duk abin da na karanta, babu wanda ya kwanta mini a rai kamar na jihar Tamil Nadu a Indiya, ko da yake ba shi da armashin da ɗan siyasa zai hau mumbari da shi. A 1994 jihar ta kafa kamfani guda na gwamnati wanda aikinsa kawai sayen magani ne domin dukan asibitocinta. Aka tsara jerin magungunan da ba a iya yi sai da su, aka daina sayen suna, ana sayen sinadarin da ke cikin maganin. Ana kiran kamfanoni su yi takara a fili, wanda ya cika sharaɗi ya kuma fi sauƙi shi zai kawo. Idan kaya suka iso, sai an ɗebi samfuri an kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito, kafin a sake su. Aka gina rumbun ajiya a gundumomi. Kowane asibiti aka ba shi ɗan littafi kamar na ajiyar banki, an rubuta ƙimar maganin da zai iya ɗiba a shekara, ya je rumbu ya ɗauki abin da yake bukata a rage a littafinsa. Ba a ba shugaban asibiti kuɗin wannan magani a hannu balle a yi maganar inda suka shiga. Saboda jiha guda tana saye da sunan miliyoyin mutane, farashi ya faɗi ƙasa sosai. Jihohin Kerala da Rajastan suka zo suka kwaikwaya, Rajastan ma ta fara raba magani kyauta a asibitocinta a 2011. Duk lokacin da na tuna wannan littafi, dattijon nan nake tunawa. Abin da yake bukata ke nan: ƙwaya 30 a cikin leda, kowane wata, ba fashi.

A Indiyar dai akwai darasi ta ɗaya gefen. Jihar Andhra Pradesh ta fito da wani shiri a 2007 mai biya wa talakawa manyan ayyukan tiyata, har a asibitoci masu zaman kansu. Ya ceci mutane da yawa, jama'a kuma sun so shi. Amma masu nazari sun yi ta nuna cewa kuɗi mai yawa yana tafiya can sama, ƙananan asibitocin da ya kamata su tare ciwo tun yana ƙarami suna nan yadda suke. Na fahimci abin da ke jan gwamnoni zuwa can. Babban gini da na'ura mai tsada ana yanke musu kirtani, a ɗauki hoto. Ba wanda yake ɗaukar hoton shanyewar jikin da ba ta faru ba. Ni dai da za a ba ni zaɓi tsakanin sabon ginin bene a babban birni da a tabbatar kowane ƙaramin asibiti yana da ungozoma mai kwana a wurin, da wutar sola, da ruwa, da maganin da ba ya yankewa, ba zan yi dogon tunani ba.

Wani zai ce jihohi ba su da kuɗi. Na yarda ba su da shi kamar yadda ake so, kuma ban ce a yi komai kyauta ga kowa gobe da safe ba. Na ga abin da sanarwar "kyauta" take haifarwa idan ba a tanadi kuɗinta ba: jama'a su cika harabar asibiti, kaya su ƙare cikin mako biyu, a koma rubuta wa mai naƙuda jerin abin da za ta sayo, tun daga safar hannu har zaren ɗinki. Gara gwamna ya ce abu biyar zan ɗauka, haihuwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da ciwon sukari, ya rubuta su a allo a ƙofar kowane asibiti da harshen da mutane suke ji, ya kuma riƙe su ko ana ha maza ha mata. Idan aka saba da su sai a ƙara na shida. Sannan kuɗin talaka ya zama doka ce take cire shi kai tsaye ranar da kaso ya shigo, kamar yadda ake cire na ma'aikaci daga albashi, ba sai takarda ta yi wata biyu a kan teburin wani tana jiran sa hannu ba.

Na bar tagar nan shekaru kaɗan da suka wuce, amma ta bar mini wata ɗabi'a. Yanzu jihohi da dama suna sa rahoton yadda suka kashe kasafinsu a intanet duk bayan wata uku. Nakan sauke na jiharmu, in wuce shafukan farko, in nemi layin da aka rubuta kuɗin biya wa marasa galihu da layin sayen magani. In duba abin da aka ware, in ja yatsa zuwa dama in ga abin da aka saki. Sai in rubuta lambobin biyu a takarda in kai wa ɗan majalisar mazaɓarmu, in ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da kuka amince da shi, ga abin da ya fita." Karon farko ya karɓa ya ce zai duba. Karo na biyu ya kira wani a waya a gabana ya karanta masa lambobin. Rahoton zango na uku yakan fito wajen ƙarshen Oktoba, kuma wannan karon mu huɗu ne za mu je, har da ɗan telan nan.